Shin dashen ɓargo ne ya raunana zuciyar maigidana?

"Assalamu alaikum Likita. Maigidana ɗan shekara 41 ne. An gano yana da sankarar jini mai saurin yaɗuwa wadda likitoci ke kira AML, aka yi masa kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, zagaye uku, sannan aka yi masa dashen ɓargo daga ƙanwarsa wata 9 da suka wuce. Alhamdulillahi an ce cutar ba ta dawo ba. Amma kwanan nan ya fara haki idan ya hau bene, ƙafafunsa kuma suna kumbura da yamma. Da aka yi masa hoton zuciya sai aka ce ƙarfin bugunta ya sauka zuwa kashi 42 cikin ɗari, alhali kafin dashen 58 ne, aka ba shi magunguna. Shin dashen ne ya lalata masa zuciya? Za ta warke kuwa? Ko mun yi kuskure da muka yarda aka yi? Kuma me zan riƙa lura da shi a gida?"

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, Allah Ya ƙara wa maigidanki lafiya, Ya saka miki da alheri a kan jinyar da kike yi, domin duk wanda ya zauna da mai dashen ɓargo na tsawon wata tara ya san ba ƙaramin aiki ba ne. Idan na fahimce ki da kyau, abubuwa huɗu kike son sani: mene ne ya jawo raunin, ko akwai fatan zuciyar ta farfaɗo, ko shawarar yin dashen kuskure ce, da kuma abin da ya rataya a wuyanki a gida. Zan faɗi ra'ayina tun daga farko domin hankalinki ya ɗan kwanta kafin dogon bayani. A yawancin masu irin labarin maigidanki, ba dashen shi kaɗai ne yake raunana zuciya ba, tarin abin da ta sha ne tun daga ranar da aka fara kemo, kuma raunin da aka gano da wuri irin wannan yana cikin waɗanda suka fi jin magani. Sai dai ban duba shi ba, ban ga hoton zuciyarsa ba, ban kuma ga jerin magungunansa ba, saboda haka bayanina na taimaka muku ne ku fahimci likitocinsa ku yi musu tambayoyin da suka dace. Hukuncin ƙarshe yana hannun waɗanda ke riƙe da fayil ɗinsa.

Ma'anar kashi 42 cikin ɗari

Mutane da yawa idan suka ji wannan adadi sai gabansu ya faɗi, suna zaton fiye da rabin zuciyar ne ya mutu. Ba haka abin yake ba. Zuciya tana da ɗakuna huɗu, kuma na ƙasa ta ɓangaren hagu shi ne mai tura jini zuwa sauran jiki. Duk lokacin da ya cika sai ya matse ya fitar da wani kaso na jinin, wani kason kuma ya saura a ciki, ko da a jikin mai cikakkiyar lafiya ne. Adadin da hoton zuciya, wato eko, yake bayarwa shi ne kason da ya fita a kowane bugu. A lafiyayyen mutum yakan kasance tsakanin kashi 55 zuwa 70. Daga 41 zuwa 49 likitocin zuciya suna ɗaukarsa raguwa mai sauƙi, daga 40 zuwa ƙasa kuwa raguwa ce sosai. Na maigidanki ya sauka da maki 16, kuma wannan sauka ce ta gaske da ba za a ɗora ta a kan bambancin na'ura ko na hannun mai ɗaukar hoto ba, tun da ga haki ga kumburin ƙafa suna gaskata ta. Duk da haka, yana kan matakin da magani yake da fili mai faɗi na yin aiki.

Abin da zuciyar ta sha kafin ranar dashe

Kin fi ni sanin cewa ranar dashen ita kanta ba ta da wani tashin hankali: ledar ƙwayoyin da aka ɗebo daga ƙanwarsa aka rataya, suka shiga ta jijiya kamar ƙarin jini. Tun daga lokacin da likitan Amurka E. Donnall Thomas ya wallafa gwajinsa na farko a 1957, aikin da ya kai shi ga samun kyautar Nobel a 1990, wahalar wannan hanya tana cikin abin da ake yi wa jiki kafin ƙwayoyin su shiga da kuma abin da ke biyo baya. Sai an fara kwantar da sankarar da kemo, sannan a share tsohon ɓargon da magunguna masu ƙarfin gaske, wani lokaci har da gasa dukkan jiki da hasken radiyeshan, sannan mutum ya yi mako biyu zuwa huɗu kusan ba shi da garkuwa kafin sabon ɓargon ya kama, daga nan kuma ya shafe watanni yana shan magungunan danne garkuwar jiki. Kowane ɗaya daga cikin matakan nan yana da abin da yake ragewa zuciya.

Abin da na fi zargi a labarin maigidanki shi ne matakin farko. Ginshiƙin maganin AML shekaru da dama shi ne haɗin da likitoci ke kira bakwai da uku, wato kwana bakwai na sitarabin tare da kwana uku na wani magani daga dangin antarasaikilin, galibi daunorubisin ko aidarubisin. Wataƙila kina tuna wani jan ruwa da ake yi masa allurarsa ta jijiya har fitsarinsa ya canja launi na kwana ɗaya ko biyu. Shi ke nan. Waɗannan magunguna sun ceci rayukan da ba sa ƙirguwa tun daga shekarun 1960 da aka samo su, kuma har yau da wuya a sami abin da ya kai su kwantar da wannan cuta a jikin mai ƙarfin ɗauka. Illarsu ita ce ba sa tsayawa a kan ƙwayoyin sankara. Suna shiga ƙwayoyin tsokar zuciya su taɓa ƙwayar halittarsu da sassan da ke samar musu da kuzari, kuma suna haɗuwa da sinadarin ƙarfe su haifar da abubuwa masu ƙona ƙwayar daga ciki. Fata da hanji da ɓargo suna iya maye gurbin ƙwayoyin da suka mutu cikin makonni, amma tsokar zuciya kusan ba ta haifar sababbi, sai dai waɗanda suka saura su ƙara girma su ɗauki aikin waɗanda suka tafi.

Shi ya sa ake lissafa jimillar abin da mutum ya sha na wannan dangi a duk tsawon rayuwarsa, ana auna shi da miligiram a kan kowace murabba'in mita ta faɗin jiki. Wani nazari da aka wallafa a 2003 a kan doksorubisin, wanda shi ne ma'aunin da ake juya sauran 'yan dangin zuwa gare shi, ya nuna cewa gazawar zuciya ta sami kusan kashi 5 cikin ɗari na waɗanda suka kai miligiram 400, ta haura zuwa kashi 26 a miligiram 550. A yau ana ɗaukar duk wanda ya kai 250 a matsayin mai buƙatar sa ido na musamman. Amma babu wani adadin da za a ce ƙasa da shi babu haɗari ko kaɗan, kuma na sha ganin wanda ya sha kaɗan zuciyarsa ta yi rauni, wani kuma ya sha da yawa ya fita lafiya lau. Shekaru, hawan jini, ciwon suga, shan taba da gadon halitta duk suna da hannu a wannan bambanci.

Za ki iya tambaya, idan kemon farko ne ya yi ɓarnar, me ya sa hoton da aka ɗauka kafin dashe ya nuna 58? Dalilin shi ne zuciya tana da juriya mai yawa, kuma adadin nan ba ya sauka sai ɓarnar ta wuce abin da sauran ƙwayoyin za su iya rufewa. Abin ya yi kama da bashin da mutum ke ci kaɗan-kaɗan yana lallaɓawa ba wanda ya sani, sai ranar da wata babbar hidima ta faɗo masa asirinsa ya tonu. Dashen shi ne babbar hidimar. Wannan ne ya sa yanzu ake ƙara wani ma'auni a cikin eko da ke duba yadda tsokar take miƙewa da tsukewa, ana kiransa GLS, domin yakan nuna canji tun kafin babban adadin ya motsa, tare da gwajin jini na tiroponin da na BNP, waɗanda ke nuna ko zuciya tana wahala.

Makonnin dashe da watannin da suka biyo baya

A matakin share ɓargo, maganin da ya fi suna wajen taɓa zuciya shi ne saiklofosfamaid idan aka bayar da shi da yawa, kamar miligiram 120 a kan kowane kilo na nauyin jiki cikin kwana biyu. Yana iya lalata ƙananan jijiyoyin da ke cikin tsokar zuciya har ta kumbura, amma wannan abu ne da ke bayyana da ƙarfi cikin kwanaki zuwa makonni kaɗan, mara lafiya yana kwance a asibiti, kuma bai cika faruwa ba. Ana kuma bayar da wannan maganin a rana ta uku da ta huɗu bayan dashe, hanyar da aka ɓullo da ita a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka domin a iya dasa ɓargon ɗan'uwan da ƙwayoyin jikinsa suka dace rabi kawai, kuma masu bin wannan hanya suna ƙara sa ido a kan zuciya a watannin farko. Cikin waɗannan makonni dai ake fama da zazzaɓi da shigar ƙwayoyin cuta cikin jini, da ruwa mai yawa da ake ƙara wa mutum ta jijiya, da ƙarancin jini da ke tilasta wa zuciya gudu, da rikicewar bugu musamman nau'in da ɗakunan sama ke karkarwa maimakon bugawa. Tun da maigidanki ya wuce wannan lokaci bai sami matsala a fili ba, ina ganin waɗannan abubuwa sun ƙara nauyi ne kawai a kan raunin da ya riga ya fara.

Abin da ya fi muhimmanci a wata na tara shi ne a nemo abubuwan da suke ci gaba da wahalar da zuciyar a yanzu, domin su ne ake iya gyarawa. Na farko hawan jini. Takrolimus da saiklosforin, waɗanda ake sha don hana sabon ɓargon yaƙar jikin da ya shiga, matsalar da ake taƙaitawa da GVHD, suna tsuke jijiyoyi, suna wahalar da ƙoda, suna kuma zubar da sinadarin maganiziyam ta fitsari. Idan aka haɗa su da sitiroyid kamar firednisolon sai suga da kitsen jini su tashi, jiki ya riƙe gishiri da ruwa. Zuciyar da antarasaikilin ya taɓa ba ta jure hawan jini kamar sauran zukata, kuma haɗuwar waɗannan biyu tana cikin abubuwan da bincike ya fi tabbatar da cewa suna kai waɗanda aka yi wa dashe ga gazawar zuciya.

Na biyu tarin sinadarin ƙarfe. Kowace ledar jini da aka ƙara masa tana ɗauke da miligiram 200 zuwa 250 na ƙarfe, kuma jikin ɗan Adam ba shi da hanyar fitar da rarar. Mai AML yakan sha ledoji da dama daga farkon jinya zuwa bayan dashe, ƙarfen ya taru a hanta, wani lokaci har a zuciya. Gwajin jini na feritin, wanda ke nuna yawan ƙarfen da jiki ya tara, shi ne matakin farko, kuma idan ya wuce 1,000 ana neman ƙarin bayani, amma da yake kumburin jiki ma yana ɗaga shi, hoton MRI ne yake faɗin gaskiyar abin da ya taru. Maganinsa yana da sauƙi idan jinin mutum ya dawo daidai, domin ɗiban jini lokaci-lokaci yana rage shi, akwai kuma ƙwayoyi irin su defarasiroks. Sauran abubuwan dubawa su ne tairoid, wato sashen wuya da kumburinsa ke jawo maƙoƙo, wanda radiyeshan ke iya rage aikinsa, da ƙoda, da ƙarancin jini, da ruwan da kan taru a jakar da ke lulluɓe da zuciya, wanda GVHD na cikin masu jawo shi. Idan kuma yana shan wani maganin hana sankarar dawowa, kamar sorafenib ko giltaritinib, a sanar da likitan zuciya, domin na farko yana ɗaga hawan jini, na biyu kuma yana iya shafar tsarin bugu. Ga masu karatu da ke fama da wasu nau'o'in sankarar jini, ponatinib da nilotinib suna iya toshe jijiyoyin jini, dasatinib kuma yana tara ruwa a gefen huhu.

Akwai wani abu da nake yawan jan hankalin ƙananan likitoci a kansa, kuma ina so ki sani. Samun rauni a hoton zuciya ba ya nufin an gama gano dalilin haki. A daidai wannan lokaci, tsakanin wata shida zuwa shekara biyu bayan dashe, GVHD yana iya kama ƙananan hanyoyin iska na huhu ya tsuke su a hankali, kuma alamarsa ta farko ita ce haki a kan bene, sau da yawa hoton ƙirji na yau da kullum ba ya nuna komai. Gwajin ƙarfin numfashi, wanda ake hura iska cikin na'ura, shi ne yake kama shi, kuma idan aka yi jinkiri abin da ya lalace ba ya dawowa. Haka nan gudan jini a jijiyar huhu da ciwon huhu na ƙwayoyin cuta suna iya ɓuya a bayan matsalar zuciya. Idan ba a yi masa gwajin numfashi ba tun da hakin ya fara, ku nemi a yi.

Ko za ta farfaɗo?

A da ana koyar da mu cewa raunin da antarasaikilin ya yi wa zuciya ba ya warkewa. Aikin Dakta Daniela Cardinale da abokan aikinta a birnin Milan na Italiya ya canja wannan fahimta. A nazarinsu na 2015 sun bibiyi mutum 2,625 da suka sha wannan dangin magani, kashi 9 cikin ɗari suka sami raunin zuciya, kuma kashi 98 cikin ɗari na waɗannan raunin ya bayyana ne a cikin shekarar farko bayan gama kemo. Da aka fara musu magani nan take, kusan kashi 82 cikin ɗari sun farfaɗo, kaɗan daga ciki gaba ɗaya, mafi yawa kuma wani ɓangare. Wani nazarinsu na 2010 ya nuna cewa lokaci ne yake yanke hukunci, domin waɗanda aka fara wa magani cikin wata biyu na farko sun fi samun sauƙi, waɗanda kuma aka bari har bayan wata shida ba a ga wanda ya warke sarai a cikinsu ba. Yawancin mutanen nan masu sankarar mama ne da ta ƙwayoyin limfa, ba masu dashen ɓargo ba, saboda haka ba zan ɗora waɗannan alƙaluma a kan maigidanki kai tsaye ba. Amma darasin ya yi daidai da abin da nake gani a wurin marasa lafiyata: wanda ya zo da wuri, ya kuma riƙe magani, galibi hotonsa na gaba ya fi na baya kyau.

Magungunan da aka ba shi mai yiwuwa sun haɗa da ɗaya daga dangin enalafiril ko losatan, da ɗaya daga masu rage gudun zuciya kamar kabedilol ko bisofirolol, da maganin fitar da ruwa kamar furusemaid, wataƙila kuma da sifironolakton ko dafagiliflozin. Maganin ruwan shi ne zai sa ya ji sauƙi cikin kwanaki, amma sauran ne suke gyara zuciyar, kuma aikinsu na watanni ne. Ana fara su kaɗan ana ƙarawa duk bayan mako biyu zuwa huɗu har a kai adadin da jiki zai iya ɗauka. Kuskuren da na fi gani shi ne a bar mutum a kan ƙaramin adadin farko har shekara, don babu wanda ya ɗauki nauyin ƙarawa. Kuskure na biyu shi ne mara lafiya ya daina sha da zarar an ce hoton ya yi kyau, alhali maganin ne yake riƙe da kyawun.

Inda lamarin mai dashe ya bambanta da na sauran masu ciwon zuciya shi ne karon magunguna. Takrolimus yana ɗaga sinadarin fotasiyam, enalafiril da sifironolakton ma haka, saboda haka dole a riƙa gwajin ƙoda da fotasiyam bayan kowane canji. Diltiyazem da berafamil ba su dace da raunanniyar zuciya ba, kuma suna ɗaga takrolimus a jini. Magungunan hana naman gwari shiga jiki, irin su borikonazol da fosakonazol, suna tsawaita wani sashe na bugun zuciya da ake gani a gwajin ECG mai zana tsarin bugun a takarda, abin da kan zama haɗari idan maganiziyam ko fotasiyam ya yi ƙasa, kuma suna karo da wasu magungunan kitsen jini kamar simbastatin. Maganin wannan duka shi ne likitan jini da likitan zuciya su riƙa magana da juna, jerin magungunansa kuma ya zama guda ɗaya da kowa ke gani. Ina roƙonki da babbar murya, kada tsoron illar takrolimus ko sitiroyid ya sa ku rage su da kanku, domin GVHD da zai iya tasowa ya fi hawan jinin da suke jawowa haɗari nesa ba kusa ba.

Game da ko kun yi kuskure, amsata a'a ce, kuma ba don in kwantar miki da hankali nake faɗa ba. Ba a ba mai AML shawarar dashe sai an auna an ga cewa haɗarin dawowar cutar idan an tsaya a kemo kaɗai ya fi haɗarin dashen, kuma AML da ta dawo tana da wuyar sha'ani ƙwarai. Ƙari a kan haka, maganin da na fi zargi an riga an ba shi tun kafin a zo maganar dashe, kuma ba don shi ba da cutar ba ta kwanta ba balle a kai ga dashen. Zuciyar da take kan 58 ta cika sharaɗin da cibiyoyin dashe ke nema, don haka babu wata alama a lokacin da za ta sa a fasa.

Abin da za ki riƙa lura da shi a gida

Ki samo sikeli, ya riƙa hawa kowace safiya bayan ya yi fitsari kafin ya ci komai, ki rubuta. Ƙarin kilo 2 cikin kwana 3 ruwa ne yake taruwa, kuma dalili ne na kiran likita a ranar, tun kafin haki ya tsananta. Ki riƙa auna hawan jininsa da bugun zuciyarsa safe da yamma. Ga mafi yawan masu irin halinsa ana son ya zauna ƙasa da 130 bisa 80 ba tare da jiri ba. Ki lura da yadda yake kwanciya, domin mutumin da ya fara ƙara matashin kai ko yake farkawa cikin dare yana neman iska, huhunsa ne yake ɗaukar ruwa. Haki yana zaune, ciwon ƙirji, suma, bugun zuciya mai sauri marar tsari da ya ƙi lafawa, tari mai kumfa, karkacewar baki ko mutuwar hannu, da zazzaɓin da ya kai digiri 38 a ma'aunin zafin jiki, duk waɗannan na zuwa asibiti ne nan take ko da tsakar dare ne.

A rage gishiri, amma kada a maye gurbinsa da irin gishirin da ake sayarwa don masu hawan jini, domin yawancinsa fotasiyam ne. Ya guji aibufurofen da daiklofenak da danginsu, domin suna riƙe ruwa suna kuma cutar da ƙoda, haka nan duk wani haɗin ganye ko ƙarin sinadarai da likitansa bai gani ba. Ranar da ya kamu da gudawa ko amai, ku kira asibiti kafin ya sha magungunan zuciya da na fitar da ruwa, saboda a jikin da ruwa ya ƙare suna iya durƙusar da ƙoda, gudawar kuma kanta tana iya zama alamar GVHD na hanji. Akwai kuma wani ruɗani da kusan duk iyalan da nake gani suke faɗawa ciki: sashen dashe ya ce a sha ruwa da yawa don kare ƙoda, sashen zuciya ya ce a rage. Kada ki zaɓa da kanki, ki nemi su haɗu su ba ku adadi ɗaya na lita a rana. Kwanciya kuwa ba magani ba ce a nan. Da zarar kumburin ya sauka, tafiya a ƙasa kullum, ana ƙara ta a hankali gwargwadon yadda zai iya yin magana yana tafe, tana cikin abubuwan da suka fi amfanar zuciyarsa da tsokar da sitiroyid ya cinye.

Shekaru masu zuwa

Ko da zuciyar ta koma daidai, wanda aka yi wa dashen ɓargo yana da haɗarin toshewar jijiyoyin zuciya da shanyewar ɓarin jiki da gazawar zuciya fiye da tsaransa, kuma waɗannan kan bayyana ne bayan shekaru, lokacin da ziyarar asibiti ta ragu kowa ya saki jiki. Waɗanda aka gasa wa dukkan jiki sun fi saurin kamuwa da ciwon suga da hauhawar kitsen jini, ko da kuwa sirara ne. Ƙa'idojin da Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Turai ta fitar a 2022 sun ba da shawarar a duba hawan jini, ECG, kitsen jini da suga a wata na 3 da na 12 bayan dashe, sannan kowace shekara, tare da eko ga masu haɗari mai yawa. Maigidanki ya riga ya shiga sahun da za a riƙa bibiya fiye da haka. Idan yana shan taba, barinta ya fi duk wani abin da zai iya yi wa jijiyoyinsa. Matan da suka sha antarasaikilin kuma suke son ɗaukar ciki, da yaran da aka yi wa dashe suna ƙanana, suna buƙatar eko ko da ba sa jin komai.

A ziyararku ta gaba, ki roƙi likitan jini ya rubuta muku takarda guda da ke ɗauke da sunan antarasaikilin ɗin da aka ba shi da jimillar adadinsa, da magungunan da aka share ɓargon da su, da ko an yi masa radiyeshan da yawansa, da kimanin ledojin jinin da ya sha. Ki tambayi wane likita ne zai riƙa ƙara magungunan zuciyar, da ranar gwajin ƙoda da fotasiyam na gaba, da ranar da za a maimaita eko, wanda galibi akan yi kamar wata uku bayan magungunan sun kai adadin da ake so.